Duhu Ba Zai Tashe Ni Daga Gidana Ba

Ranar Talata

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Injiniya da jikokina. Yaya tarin ƙaramin, ya lafa? Yaya ofis? Ni dai ƙalau nake, in ban da kewarku.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya bari in kai aya. Da na buɗe baki sai ki ce, "Baba, ka haɗa kayanka kawai." Takarda kuwa ba ta katse mutum, ga shi batir ɗin wayar ma lallaɓa shi nake yi. Direban nan mai zuwa wajenku shi zai miƙa miki.

Gaskiya ne abin da kika ji. Taransifomar unguwarmu ta ƙone da rana tsaka, ta yi wata ƙara har kajin maƙwabta suka watse. Masu wuta sun zo, sun ɗaga kai sun kalle ta, sun ce sai an kawo sabuwa. Na tambaye su yaushe, babbansu ya ce, "Baba, sai dai addu'a." Gaskiya ne kuma maganin allurata ta ciwon suga ba ya shiri da zafi. Amma daga nan zuwa cewa in kulle gidana in dawo ɗakin da kika gyara mini, akwai tafiya.

Kin manta gidan da kika tashi ne? Tun marigayiya mahaifiyarki na raye ba mu taɓa yarda da wutar nan ba. Firizarmu kullum cike take da gorunan ruwa, sun fi nama yawa. Da wuta ta tafi na kwashe su zuwa kula, sun riƙe mini sanyi har na kimtsa. Durom biyu cike suke da ruwa, na rufe su. Ashana tana cikin gwangwani inda danshi ba ya kai mata. Fitilar nan mai cajin rana kowace safiya nake ɗora ta a kan katanga, ta sha rana ta ƙoshi. Bayan ƙofar falo kuma na rataye jaka, a ciki akwai katin asibitina da tocila da ƙwayoyin sukari da lambar wayarki da na rubuta da manyan baƙaƙe. Ko a gigice aka ɗauke ni, hannu ɗaya za a miƙa.

Kwalbar maganin da nake amfani da ita tana cikin ƙaramar tukunyar ƙasa. Ita kuma na zaunar da ita cikin babba, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, na rufe da tsumma mai laima, na ajiye a lungun da iska ke ratsawa. Ruwa in zai tashi, sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Na koya miki wannan a aji, kina ta zanen furanni a bayan littafi. Sauran kwalaben da ban buɗe ba na kai wa Mai Kifi. Kin san shi, tsohon ɗalibina mai zama a bencin baya, wanda yanzu yake da shagon sanyi a bakin kasuwa. Janaretansa ba ya hutawa. Da ya gan ni har da durƙusawa, ƙato da shi.

Sannan ga yaran nan masu shirin jarrabawar fita. Kullum bayan la'asar barandata cike take, kuma tun da wutar ta tafi suke kaiwa bayan magariba, don gidajen wasunsu ko kyandir babu. Akwai wata yarinya da ta shekara tana tsoron lissafin kusurwa, makon nan ta fara yi masa dariya. In tashi in bar su a tsakiyar kogi?

Injiniya ya ce mini a waya, cikin ladabinsa, in har maganin ya lalace zai zo da mota ya ɗauke ni, kada in yi gardama. Na ce masa to, na amsa. Na amsa ne don na san ba zai lalace ba.

Ki gaida shi da kyau. Ki shafa mini kan yaran. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
wanda ɗalibai ke kira Malam Jan Biro


Ranar Asabar

Uwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kowa lafiya, tarin ƙaramin kuma ya tafi gaba ɗaya. Jikina da ƙarfi, ƙafata ba kumburi, ina cin abinci a kan lokaci. Na fara da wannan ne don ki karanta sauran a zaune.

Maganin da na kai ajiya ya lalace. Gara ki ji daga hannuna kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Jiya da hantsi na je shagon Mai Kifi in duba kwalaben. Ranar da na kai, na nuna masa firij ɗin da yake sa lemo na ce ya ajiye a nan. Da na buɗe ban gan su ba. Sai ga shi ya taho yana washe baki, ya ce, "Haba Malam, maganinka ya zauna da lemon 'yan kasuwa, kowane gardi ya buɗe ya rufe? Ai wuri na musamman na yi masa." Ya ɗaga murfin babbar firiza, ya ture katan-katan na kifi, ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro wani ƙunshi. Sabon ƙyalle ya saya ya naɗe su, Uwata, fari tas. Da na kwance, kwalaben sun daskare kamar tsakuwa.

Ya ga fuskata ta canza, ya ce, "A bari ya narke mana, Malam, ai kifi ma haka muke yi masa." Na rasa dariya zan yi ko kuka. Maganin nan in ya daskare ya mutu, ko ya narke ba ya komawa yadda yake. Da na faɗa masa, sai ya zauna a kan katan ya dafe kai. Ni na koma ina ba shi haƙuri. A tunaninsa, tunda sanyi ake nema, to babban mutum sai babban sanyi. Ni kuma na ba shi umarni ban ba shi dalili ba, abin da na yi rayuwata ina hana sababbin malamai.

Daga can na wuce ƙaramin asibitinmu. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kwalaben a haske, ta jefa su a kwandon da suke zuba irinsu, ko shawara ba ta yi da ni ba. Ta ce, "Baba, kai da ka koyar da kimiyya?" Na ce ɗiyata, gwani ma yakan zame. Ta gwada jinina, ta ce ba laifi. Ta tambayi wadda nake amfani da ita, na kwatanta mata tukwanen. Ta ce muddin lungun yana da sanyi, kuma kwalbar ba ta wuce wa'adinta ba, in ci gaba. Sababbin kwalabe za su iso farkon mako, kuma a firij ɗinsu mai aiki da hasken rana za su zauna, in riƙa karɓar ɗaya bayan ɗaya. Da can ya kamata in yi haka. Nisan asibitin ne ya sa na zaɓi kasuwa.

Yanzu ga maganar da na san kina jira. Na amsa wa Injiniya cewa in magani ya lalace zan biyo shi. Ya lalace. Ba zan yi miki wayon manya ba, in ce ai zafi muke nufi ba sanyi ba. Alkawari na yi, kuma ga shi zan saɓa, idona biyu. Ba zan taho ba.

Kada ki ce taurin kai ne na tsufa, ko da yake akwai shi kaɗan, kuma kin gada. Abin da ya faru ya nuna mini inda shirina ya yi rami, na kuwa cike ramin. Wanda ya yi tuntuɓe a tsakar gidansa dutsen yake cirewa, ba ƙaura yake yi ba. Ki ce wa Injiniya kada ya wahalar da motarsa.

Mai Kifi ya aiko mini da ƙanƙara ɗazu, ya ce kullum zai riƙa aikowa har wuta ta dawo. Na sa a durom ɗin sha, yaran darasi suna ta murna. Har yanzu ya kasa haɗa ido da ni.

Allah ya huci zuciyarki, ya raya zuriya.

Babanki


Ranar Laraba

Uwata, ɗiyar albarka,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara? Da Injiniya ya zo na tambaye shi lafiyarki, ya ce kina lafiya, ya sunkuyar da kai. Na gane. Tun da ya koma ba ki kira ni ba. Kowace safiya nakan kunna wayar in duba, in kashe.

Kin iya dabara. Kin san ke zan iya yi wa faɗa, amma suruki akwai nauyi tsakaninmu, shi ya sa kika turo shi shi kaɗai. Ya iso ana tsakiyar darasi. Na ba shi kujera a bayan yara, na ce ya yi haƙuri a tashi. Ya zauna da makullin mota a hannu. Can na ji yana raɗa wa na kusa da shi amsa, na ce, "Injiniya, a ajina ba a satar amsa." Yaran suka kwashe da dariya, har da shi.

Bayan sun watse bai ce mini in haɗa kaya ba. Cewa ya yi in zaga da shi ya ga shirin nan da nake ta yi wa baki. Ya sa hannu a tukunyar, ya daɗe bai cire ba, ya gyaɗa kai. Ya duba durom, ya duba jaka, ya matsar da tukunyar gas daga kusa da inda nake ajiye kyandir. Ina biye da shi ina jin kaina kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa. Sai ya tsaya a ƙofar falo, ya taɓa sakatar ƙarfen nan da nake dannawa ta ciki, ya ce, "Baba, jakar tana bayan ƙofa. In suga ya kayar da kai a ciki, wa zai shigo ya ɗauke ta?"

Uwata, ya yi gaskiya. Na shirya wa duhu, na shirya wa zafi da ƙishirwa, ban shirya wa faɗuwata ba. Nan take muka kira Mai Walda, maƙwabcina na jikin katanga, wanda tun da wuta ta tafi yake zaune yana korar ƙuda. Ya kwance sakatar, aka bar makulli kaɗai, aka ba shi ɗaya. Ya ce kowace safiya kafin ya karya zai ƙwanƙwasa, in ban amsa ba zai buɗe. Ya ƙara da cewa, "In kuma ka amsa, Malam, shayi nake sha mai kauri." Yau ma ya zo.

Sannan na zaunar da mijinki na faɗa masa abin da zan faɗa miki. Gidanku akwai haske dare da rana, na sani. Amma can me zan yi? In zauna gaban talabijin, a kawo mini abinci, a ce Baba kada ka tashi, Baba bari a ɗauko maka. A nan, da la'asar ta yi, akwai masu cire takalmi a barandata suna jiran in buɗe baki. Ranar da na rasa wannan, ko firij goma kika jera mini ba za su riƙe ni ba. Ba ƙin ku nake yi ba. Ina so in zo gidanki baƙo, a yi murna da zuwana, in koma.

Ya ce zai faɗa miki. Ban san yadda ya faɗa ba, ban san me kika ce masa ba. Kada ki ga laifinsa. Ya yi iyakar abin da ɗa zai yi, ya kuma bar gidan nan ya fi yadda ya same shi.

Saura abu ɗaya, wanda Injiniya ya gani da idonsa. A nan ya kwana, washegari kafin ya tafi lokacin allurata ya yi. Na je bakin taga ina ɗaga sirinjin, ina matso da shi ina nesanta shi, don layukan nan ƙanana sun fara haɗe mini. Ba rashin wuta ba ne, da rana tsaka ne. Na faɗa wa ma'aikaciyar jinya da na je karɓar sabuwar kwalba. Ta ce mai ciwon suga ba ya wasa da ido, ta rubuta mini takarda zuwa babban asibiti a duba. Kafin nan ta ba ni gilashin ƙara girma, ina auna maganin da shi, Mai Walda yana tsaye yana tabbatarwa.

Zan je. Ba na so in je ni kaɗai, don an ce sukan ɗiga wani magani da ke sa mutum ya wuni yana ganin dishi-dishi. Ki zo ki raka ni. Ɗakinki yana nan, na sa an share, ruwan sanyi ma akwai. Ki riƙe hannuna a hanya, ki yi mini duk faɗan da kika tara, zan saurara har ki kai aya. Abin da likita ya ce a yi wa idon, za a yi. Amma ki sani tun yanzu, motar da ta kai ni asibiti ita za ta dawo da ni ƙofar gidan nan, don washegari akwai darasi.

Ki gaida Injiniya, ki ce na gode. Allah ya yi muku albarka baki ɗaya.

Naki har kullum,
Baba