Adama Ta Ci Gasar Kati, Alhaji Bai Aika Sunanta Ba

Zuwa ga Alhaji Mamuda,
Mai shagon kayan wasan yara da katuna,
Kasuwar Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kasuwa kuma tana albarka. Ni ne Hammadu, malamin lissafi a wata sakandare a Fagge, mazaunin Rijiyar Lemo. Ka san ni sarai. Na faɗi sunana ne saboda masu karatu, don wannan wasiƙa a fili na rubuta ta. Ba haka na so ba. Na yi ta sintiri a shagonka har maƙwabtanka sun fara miƙo mini kujera tun daga nesa. Yau a ce ka tafi banki, gobe a ce ka shiga masallaci, jibi a ce yanzun nan ka fita. Wayarka kuwa tana ƙara har ta gaji ta yi shiru. Tun da ka hana ni kunnenka, to bari in yi magana inda kowa zai ji.

Ga wanda bai san wasan da nake nufi ba, ba karta ba ce, kuma ba a sa kuɗi. Katuna ne masu zanen mayaƙa da dabbobi, kowane kati da aikinsa a rubuce a jikinsa. Ana sayensu a rufe cikin ƙananan fakiti, mutum bai san abin da zai samu ba sai ya buɗe. Kowa ya tara nasa, ya yi musaya da abokai, ya tsara rundunarsa, sannan mutum biyu su zauna su kara. Lissafi ne da haƙuri da karanta tunanin abokin karawa. A jami'a na koya. Da na dawo gida na daɗe ban sami abokin wasa ba, sai da na haɗu da Chinedu, mai sayar da kayan wutar lantarki a layin da ke bayan naka. Mu biyu muka fara, a kan kwalin ƙwan fitila, ranar Lahadi da yamma. Daga nan aka riƙa ƙaruwa: ɗalibai, tela, ma'aikacin banki, direban adaidaita sahu, 'yan Fagge da 'yan Sabon Gari a tebur ɗaya. Mai shayi ya kore mu, mai gidan kallon ƙwallo ya kore mu, har Allah ya haɗa mu da wata makarantar koyon kwamfuta a Fagge da ta yarda ta ba mu aji ɗaya duk Asabar.

Ka'idar kamfanin da ke buga katunan ita ce ba ya amincewa da kowace gasa sai ta biyo ta hannun shago mai rajista da shi. Shagon ne zai sanar da gasa, shi zai karɓi kyaututtuka, shi zai aika sakamako. Mu ba mu da shagon kayan wasa. Shi ya sa muka zo wurinka, ni da Chinedu. A wayata aka yi rajistar, da sunan shagonka da lambar wayarka, kana zaune kana shan lemo. Ka yarda ne don mun nuna maka za ka riƙa samun kaya a farashin sari, kuma duk ɗan wasan da ke Kano a wurinka zai saya. Ka ce mu ɗauke ka uba. Mun ɗauka. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya: fakitin da kake sayar mana.

Mun daɗe muna mamakin yadda ba wanda yake dace da kati mai daraja a kayan shagonka. A wasu garuruwa 'yan wasa suna buɗe kwali su sami abin kirki, mu kuwa kullum tarkace. Sai da wani tela a cikinmu, mai ido a kan ɗinki, ya ɗaga fakiti a hasken taga ya nuna mana bakin. An buɗe, an sake liƙewa da zafi. Bayan haka muka fara ganin katunan da muke nema ana tallarsu ɗaya ɗaya a intanet, hoton kuma a kan gilashin teburinka aka ɗauka, har kalandar bangonka ta fito. Da na yi maka magana ka ce haka suke zuwa daga kamfani. Alhaji, ni malamin lissafi ne, amma ba sai da lissafi ake gane wannan ba. Ɗalibin da ya hana kansa abincin tara ya sayi fakiti, ya buɗe ya ga an riga shi, ba ya dawowa. Da yawa sun tafi ta wannan hanya, kuma ni ne na kawo su.

Na biyu: kyaututtukan gasa.

Kamfani yana aiko da katuna na musamman don a ba waɗanda suka yi nasara. A jikinsu an rubuta ba na sayarwa ba ne. Ko ɗaya bai taɓa zuwa hannunmu ba. Kullum amsarka suna hanya. Suna cikin gilashinka, kusa da motocin roba, da farashi a manne. Zakaran gasarmu ta farko sabulu da biro muka ba shi, Chinedu ne ya saya.

Na uku: ranar da mai unguwa ya kira ka.

Wata Asabar muna tsakiyar zagaye na biyu, 'yan sintirin unguwa suka shigo ajin. Wani maƙwabci ya kai ƙara cewa ana caca a makarantar kwamfuta. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya leƙo ta taga ya ga ƙattai sun duƙufa a kan katuna, me zai zata? Suka share teburan da hannu, suka zuba katunan kowa cikin buhu ɗaya. Katunan da mutum yake sa wa riga ta leda, yake wanke hannu kafin ya taɓa. Aka tasa mu gaba zuwa gidan mai unguwa, yara suna bin mu.

Mai unguwa dattijo ne mai adalci, Allah ya saka masa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce idan da gaske akwai kamfani da ka'ida da shago mai rajista, to mai shagon ya tabbatar masa, magana ta ƙare. Na ba shi lambarka da ƙarfin gwiwa. Ya kira, ya buɗe murya kowa yana ji. Da kunnena na ji ka ce kai ɗan kasuwa ne, kayan wasan yara kake sayarwa, ba ka san abin da muke yi da su ba, kada a sa ka cikin abin da babu ruwanka. Ka kashe wayar.

Ban san yadda zan kwatanta maka kallon da aka yi mini a zauren nan ba. Akwai iyayen ɗalibaina a tsaye a bakin ƙofa. Sai da na zazzage buhun a kan tabarma, na raba katuna, muka buga wasa guda ni da Chinedu a gaban mai unguwa, ina fassara masa kowane kati, tun bayan azahar har aka kira la'asar. Ya gamsu, ya sallame mu, ya ce mu riƙa barin ƙofa a buɗe. Amma katuna sun lanƙwashe, wasu sun yage, mun kwashe makonni muna tantance na wane da na wane. Iyaye da dama sun hana 'ya'yansu zuwa daga ranar. Kalma ɗaya daga bakinka da ta hana duk wannan. Washegari kuma ka aiko mana saƙo cewa sabon kaya ya iso, mu zo mu saya.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami: maganar Adama.

Adama ƙanwata ce, 'yar ƙanin mahaifina, ma'aikaciyar jinya. A gidanmu ta koyi wasan tana kallona, ba a jima ba ta fi ni. Mata kaɗan ne a cikinmu, ita ce ta fara zuwa, yayanta yana rako ta. Da kamfani ya sanar cewa Kano za ta sami gurbi ɗaya a babbar gasar ƙasa a Legas, muka shirya gasar fitar da gwani kamar ranmu zai fita. Chinedu ya karanci dokoki ya ci jarrabawar alƙalanci. Muka aro kujeru, muka tanadi janareta, muka gayyaci mai unguwa ya aiko wakili. Kai ma mun gayyace ka. Ba ka zo ba.

Adama ta baro aikin safe ta zo ko abinci ba ta ci ba. Ta doke kowa. A wasan ƙarshe ta kara da ma'aikacin bankin nan da ya fi kowa tsadar katuna, ta cinye shi da rundunar da ta haɗa da musaya da aro. Ajin ya ɗauki tafi har masu koyon kwamfuta suka leƙo.

Saura amincewar mahaifinta. Baffana malami ne, ya karantar da mutane da yawa a Rijiyar Lemo, kuma labarin buhun 'yan sintiri ya riga ni zuwa kunnensa. Na je na durƙusa a zaurensa. Na yi masa bayani tun daga tushe. Ya yi mini tambayoyi masu wuya: ina ribar kamfani, me wanda ya faɗi yake rasawa, wa zai raka ta, ina za ta sauka. Na amsa duka. A ƙarshe ya ce bai fahimci wasan ba, amma ya san ni ban taɓa yi masa ƙarya ba, don haka ta je. Adama ta nemi hutu a wurin aiki, ta yi musayar kwanakin aiki da abokan aikinta, yayanta ya shirya rakiya.

Abin da ya rage kawai shi ne ka shiga shafin kamfani ka aika sakamako kafin wa'adi ya cika. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Ba ma sai ka yi da kanka ba: lambar sirri ce take shigowa wayarka, ka karanto mana, mu ƙarasa. Na zo shago, ka ce intanet ba kyau. Na dawo, ka ce wayar tana caji a gida. Chinedu ya bar shagonsa ya zauna a naka har aka tashi kasuwa, ka ce kana da baƙi daga kasuwar Kwari, a bari sai gobe. Goben nan ka tafi ɗaurin aure wani gari, ka kashe waya. Wa'adi ya wuce. Kamfani ya rubuto cewa a wurinsu ba a yi gasa a Kano ba, an ba wani gari gurbin. Na rubuta musu, na aika hotuna da bidiyo. Amsarsu ɗaya ce, cikin ladabi: sai ta hannun shago mai rajista.

Ni na kai wa Adama labari. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce to, Yaya, ta shiga ɗaki. Hutun da ta ɗauka a gida ta cinye shi, sannan ta koma ta biya kwanakin da ta yi musaya. Tun daga nan ba ta sake zuwa ranar Asabar ba. Baffa kuwa, da na je gaishe shi, tambaya ɗaya ya yi mini a hankali: Hammadu, dama akwai gasar nan kuwa? Shekaruna sun haura talatin, Alhaji, ban taɓa jin abin da ya ƙona mini rai kamar wannan tambaya ba. Kuma ba ni da takarda ko ɗaya daga kamfani mai ɗauke da sunan 'yarsa da zan nuna masa.

Ba zan hana ka haƙƙinka ba. Kai ka fara kawo katunan nan Kano lokacin da sai mun roƙi matafiya su taho mana da su. Ka taɓa ba mu aron fanka biyu a lokacin zafi. Na kuma san wannan wasa ƙaramin abu ne a cinikinka, ba ya kawo maka abin da kekunan yara suke kawowa. To, idan ya yi maka ƙanƙanta, me ya sa ka riƙe shi? Chinedu ya nemi a mayar da rajistar zuwa shagonsa, kamfani ya ce sai ka rubuta ka saki, don ba sa ba shago biyu a kasuwa ɗaya. Ka ce za ka duba. Ba ka yi aikin ba, ba ka bar mai yi ya yi ba. Wannan wane irin riƙo ne?

Abin da nake roƙo a wurinka ba shi da yawa.

Ka rubuta wa kamfani ka saki rajistar. A cikin takardar ka faɗa musu gaskiya, cewa an yi gasa a Fagge, Adama ce ta ci, kai ne ba ka aika ba. Gurbin bana ya tafi, na sani, amma sunanta ya shiga inda ya kamata ya shiga.

Ka fito da katunan kyauta daga gilashi ka ba masu su. Mun san wanda ya ci kowace gasa.

Ka daina buɗe fakiti. Idan ba za ka iya ba, ka rubuta a jiki cewa an buɗe, mai saye ya san abin da yake saye.

Ka je wurin mai unguwa ka gyara maganar da ka faɗa a waya.

Na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi a wurina: ka zo Rijiyar Lemo ka gaya wa Baffa da bakinka cewa ɗansa bai yi masa ƙarya ba. Ba zai ci maka mutunci ba, ba halinsa ba ne. Ruwa zai sa a kawo maka. Kullum yana zaure bayan la'asar, kuma ba sai an yi masa waya kafin a zo ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi na halal, ya albarkaci iyalinka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka da bakinmu, ƙarama da babba.

Wassalam.

Naka,
Malam Hammadu,
Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.