Ku Cire 'Yan Kunnen, Ku Bar Min Awarwaron

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwarmu, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ni ce Ladidi mai turaren wuta, ta layin baya, wadda kake cewa ƙamshin shagonta yana isa ofis kafin ƙorafinta. To, yau ƙorafin ne ya riga zuwa.

Ina da ciwon sukari, kullum sai na yi wa kaina allura. Kuma jikina ba ya shiri da allurar penisilin. Sau ɗaya aka taɓa yi min, maƙogwarona ya kumbura har numfashi ya gagara. Shi ya sa 'yata ta sa aka yi min awarwaron ƙarfe mai jar alama, an rubuta waɗannan abubuwa biyu a jikinsa da Turanci, da lambar wayarta. Ba ado ba ne. Mai sayar da turare ta san ado, da shi nake nema da na zaɓi wanda ya fi wannan kyau.

Na farko, abin da ya faru. Wata Talata na fito daga Mpape a makare, na yi allura, na ce zan karya a shago. Masu sayayyar biki suka rufe ni, ni kuwa ban iya barin kwastoma don shayi ba. Kafin azahar sukari ya faɗi, na yanke jiki, goshina ya daki bakin tebur ya fashe. Wannan laifina ne, na karɓa.

Na biyu, dokarku. Kun ce duk wanda ya faɗi a kasuwa, masu gadi su fara kwashe wayarsa da agogo da kayan ado, saboda masu zuwa taimako da hannu biyu su koma da hannu cike. Doka ce mai kyau, da ni aka yi mata tafi. Malam Tanko mai gadi ya bi ta sak. Ya karɓi waya, ya sa mata suka cire min 'yan kunne, suka zare awarwaron, ya damƙa wa maƙwabciyata Maman Blessing ajiya. Aka sa ni a keke napep sai asibiti. Wato kayana sun tsira, ni aka tura ba baki, ba shaida.

Na uku, yadda Allah ya kiyaye. Maman Blessing za ta ƙulle kayan a bakin zani, idonta ya faɗa kan rubutun. Ta bar tumatir ɗinta a buɗe ta tari wani keken ta biyo mu. Ta tarar an gane sukarin, an sa min ƙarin ruwa, an ɗinke goshin, nas tana haɗa allurar hana ciwo ruɓewa, ashe penisilin ce. Da likita ya karanta awarwaron ya sa aka ajiye waccan allurar, aka kawo wata. Ranka ya daɗe, tsakanina da likkafani ranar nan, ajin firamaren Maman Blessing ne da saurin mai keke.

Ban rubuto don a hukunta Malam Tanko ba. Bawan Allah amana ya riƙe, ko ɗan kunne ɗaya bai ɓace ba. Dokar ce take da rami, kuma toshe shi ba wuya. Ga roƙona:

A ƙara wa dokar layi ɗaya: duk awarwaro ko sarƙa mai rubutu ko jar alama, a bar wa mai shi a jiki. Ɓarawo ma ba zai wahalar da kansa kan ƙarfe ba.

A sanar da lasifikar kasuwa, da Hausa da Turanci da Pijin, a kuma nuna wa masu gadi samfuri. Nawa yana nan, in dai za a dawo min da shi.

A yi magana da Oga Sunday mai zana suna a kofunan biki. Na riga na taɓa shi, ya ce injinsa yana cin ƙarfe, zai yi wa 'yan ƙungiya irin awarwaron da sauƙi. Masu asma da farfaɗiya da sikila suna nan cikinmu, shiru kawai suke yi don kunya.

Kada ka ce ba za su karɓa ba. Malam Tanko ya zo duba ni da lemo, ya zauna yana ta murza hula, daga ƙarshe ya tambaye ni ko ana yin na maza. Ashe shi ma ya daɗe yana yi wa kansa allura a ɗakin gadi, ba wanda ya sani. Mun je wurin Oga Sunday tare, nasa yana hannunsa yanzu. Saura sa hannunka, Alhaji, don ranar da shi zai faɗi kada abokan aikinsa su yi masa irin kirkin da ya yi min.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama shugabanci da mutunci, ya sa kada ka taɓa buƙatar irin awarwarona.

Wassalam, daga 'yar'uwarka,
Ladidi Mai Turare.