Goyon Baffa Ɗahiru

Panshekara, Kano,
Satumba, 1988.

Zuwa ga Yayana Muntari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ban girma, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rabi da yara, kamar yadda muke a nan. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ku da sharrin ruwan Ikko da na hanyoyinta. Iya tana nan lafiya. Ƙafar ce dai takan motsa mata in an wuni ana ruwa, amma ba ta hana ta zuwa barka da gaisuwar mutuwa ba, ka san halinta. Ruwa ya yi yawa bana har ya ci katangar bayan gidanmu, mun kafa zana kafin kaka. Atika ta yaye Asabe, yarinya sai surutu, ba ta bar kowa ya yi gyangyaɗi.

Sule direba ya kawo min takardarka, na karanta har na maimaita. Na ga ka ji labarin cewa keken da ka aiko min zai yi sanadin aikina, har kana cewa in sayar da shi, kada in ji nauyinka. Ba sai na tambaya ba, na san Sule ne ya kai maka, bakinsa ya fi motarsa gudu. Bai yi ƙarya ba, sai dai labarin ya tsufa a hanya. Ka kwantar da hankalinka, ina nan a bakin aikina, keke ma yana nan. Amma tunda an kai maka rabi, bari in cika maka sauran.

Ranar da Sule ya sauke keken nan daga motar fata, layinmu kaf sai da aka fito kallo. Tayoyi masu kauri da haƙora kamar na tarakta, giya barkatai, birki na waya, ba irin baƙin keken da muka saba da shi ba. Da na ce musu ka ce a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa ka saya, kuma wai don hawan duwatsu aka ƙera shi, sai wani ya ce to ai sai in riƙa biyawa ta Dala kafin in wuce Challawa, don kada kuɗinka ya tafi a banza. Na yi murna ƙwarai, Yaya. Taɓo bai dame shi ba, yashi bai dame shi ba. Abu ɗaya ya rasa, ba shi da kariya a baya, wato wurin goyo, kuma daga nan wahalata ta fara.

Ka tuna Baffa Ɗahiru, ƙanin mahaifin Atika, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba ni aurenta. Yana aikin zaɓen fata a wajen wani dillali a bayan kamfaninmu na jimar fata, kuma hanyarmu ɗaya da safe, shi a ƙasa yake tafiya. Rabonka da shi tun bikinmu. To, ya ƙara jiki, Allah ya yi albarka, yanzu in ya shigo zaure sai ya karkata. Washegarin zuwan keke na tarar da shi a hanya. Na sauka na durƙusa na gaishe shi, ya sa albarka, ya yaba keke. Sai na rasa yadda zan yi. Da wane ido zan haye keke in bar surukina yana takawa a bayana? Haka na turo shi ina biye da shi. Shi kuwa ba jiniyar da take jiransa, tafe yake yana gaisawa da duk mai rai. Mu a kamfani in jiniya ta busa an rufe ƙofa, kuma tun da kayan jima suka yi tsada ake neman dalilin rage mutane. Heluma, shugabanmu a wurin aiki, ya tara mu ya ce duk wanda ya makara sau uku, ya ɗauki tsummansa ya san inda dare ya yi masa. Ran nan da ƙyar na shiga.

Sai na yi dabara, irin tawa. Na kai keke wajen mai walda ya ƙera masa kariya, mai faɗi, daidai mazaunin dattijo. Da safe na sauka na gaishe shi, kaina a ƙasa na ce ko zan rage musu hanya, ga wuri na sa an yi. Ya dubi kariyar, ya dube ni, sannan ya ce to Allah ya yi albarka, ya tattare riga ya hau. Ina jin keken ya yi wani nishi a ƙarƙashinmu.

Tun daga nan na zama ɗan gida a rumfar Uba mai gyaran keke. Yau wayoyin ƙafar baya sun tsinke, gobe ƙafar ta karkace tana gugar birki, jibi tif ya fashe. Kaca ta tsinke mana a gangaren gada. Robar birki kuwa ba ta wata biyu, don tsayar da mu biyu a gangare ba ƙaramin aiki ba ne. Abin baƙin cikin shi ne kayansa ba irin na kekunanmu ba ne. Na zaga Sabon Gari da 'Yan Kura neman taya daidai shi, ana ta juya tsohuwar ana tambayata ko ta babur ce. Da aka samo guda a wani shago, da na ji farashin sai da na nemi wurin zama. Uba yakan yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki, ya ɗinke inda ya yage da zaren takalmi, a lallaɓa. Albashi in ya shigo sai ya rabu, na gida, na Iya, na Uba, kuma na Uba kullum ƙaruwa yake. Nama ya yi ƙaura daga miyarmu. Atika ba ta yi ƙorafi ba, sai dai wata rana ta ce min in za a yi wa keken nan suna a gaya mata da wuri, tunda ya fi Asabe cin kuɗi.

Uba bai ɓoye min ba. Ya ce wannan abin na mutum ɗaya ne, ko in sauke dattijon nan, ko in yanka wa shi Uban albashin wata ya san yana da aiki. Na ce to ya je ya gaya masa da bakinsa. Ya ce shi ba surukinsa ba ne, amma wallahi shi ma ba zai iya ba. Na roƙi Atika, ta ce mutumin da ya ci da ita ya sha da ita tun ba ta san kanta ba, ita ce za ta ce masa ya yi wa keke nauyi? Ban ga laifinta ba.

A haka na makara sau biyu. Na farko kaca ce, na biyu ƙafa ce ta cije. Duk sau biyun Baffa yana tsaye a kaina yana sannu, ni kuma ina tsugune ina murmushin dole. Heluma ya kira ni gefe ya ce shi ba ya son ganin bayana, amma saura ɗaya. Yaya, na ji tsoro. Ka san Challawa yanzu, kullum da safe ƙofar kowane kamfani cike take da masu neman aiki, wasu daga Nijar suka tako. In na fita, wa zai kalle ni?

Sai na fara gudun Baffa, Allah ya yafe min. Na riƙa fita tun ana sallame sallar asuba don in riga shi. Ban yi nisa ba sai ga shi a gabana, shi ma ya yi sammako. Na canja hanya, na bi ta bayan makabarta, hanyar da ba mai binta sai masu awaki. Na sha kwana ke nan sai ga babbar riga a tsakiyar hanya. Na ce a raina shi ke nan, mutumin nan ya ji daɗin goyo, har farautata yake. Na sauka na gaishe shi, na ce bismillah, ya ce Allah ya yi albarka, ya hau.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, an kwana ana ruwa. Mun zo daidai kwalbatin da ruwan jima yake bi, ana hango ƙofar kamfani, sai na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ƙafar baya ta naɗe kamar faifai, muka zube mu duka a taɓo, shi a ƙasa, keke a kansa. Na tashi ina salati ina ƙoƙarin ɗaga shi, sai jiniya ta fara. Ban taɓa jin Baffa ya ɗaga murya ba sai ran nan. Ya daka min tsawa ya ce in bar shi, in bar keken, in ruga, ko so nake 'yarsa ta kwana da yunwa. Na ruga da takalmi ɗaya. Mai gadi yana jan ƙofa na kutsa ta gefe, har ƙarfen ya yage min riga. Na wuni ina jan fata a ruwa, ina tunanin dattijon da na bari a kwata. Da na tashi aiki aka ce min shi da kansa ya saɓo keken a kafaɗa har rumfar Uba.

Da yamma na kasa zuwa gidansa don kunya, na tura Atika ta dubo shi. Ta tarar da matarsa, Inna Mairama, tana dafa masa ruwan gashi. Tana ganin Atika ta jawo ta ɗaki ta ce don girman Allah ta roƙi mijinta ya ƙyale mata miji haka. Ta ce tun da aka fara goyon nan kullum sai ta gasa masa ƙugu, ƙarfen nan ya gama da shi, ga tsoro, wai ido rufe yake yin gangaren gada yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ta ce mutumin da ya saba tsayawa ya sha kokonsa a bakin kasuwa, ya yi hira da abokansa, yanzu an raba shi da kowa. Ta ce ya yi sammako don ya kuɓuta, yaron nan ya cim masa, ya bi ta bayan makabarta, nan ma ya biyo shi. Atika ta ce to me ya hana Baffa ya ce ba ya so? Inna ta ce haba, yaro ya kashe kuɗinsa ya ƙera wuri musamman dominsa, da wane baki zai ce a'a, ai sai ya karya masa zuciya.

Atika ta dawo gida ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye. Da ta gaya min, na so in yi fushi, na rasa da wa zan yi. Ni ma sai na zauna a ƙasa na taya ta.

Ita ta tsara yadda za a yi. Na sa Uba ya yanke kariyar, na aje ta a bayan ɗaki. Ran Juma'a na sayi goro na je gaishe da Baffa. Na sunkuyar da kai na ce ina baƙin cikin sanar da su cewa mai gyara ya ce ƙarfen keken ba zai ƙara ɗaukar walda ba, goyo ya ƙare. Ya ce ash-sha, ash-sha, abu bai yi daɗi ba, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yana faɗa yana gyara hula, fuskarsa kuwa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ni ma ina ta ash-sha. Inna Mairama tana bayan ƙofa, ina jin tana tari irin na mai danne dariya. Da zan tashi ya ce akwai magana ɗaya. Ya ce daga yau in na gan shi a hanya da safe kada in sauka, in kaɗa ƙararrawa kawai, ya karɓa a matsayin gaisuwa, sauran gaisuwar in kawo masa gida ran Juma'a. Ya ce wannan umarni ne, ba shawara ba.

Safiyar farko na hango shi a bakin kasuwa, zaune a benci da kwanon koko, abokansa kewaye da shi. Ƙafata da kanta ta nemi ƙasa. Ya harare ni ya kaɗa hannu. Na kaɗa ƙararrawa na wuce, kunya kamar ta kashe ni, keke kuwa sai tafiya yake kamar ba shi ba. Na isa ko mai gadi bai gama shara ba.

Ƙarshen watan jiya aka rage ma'aikata. Heluma ya tsaya a tsakar kamfani yana kiran waɗanda makara ta cika musu, ana ba su sallama. Mutum biyu a sashenmu sun tafi, ɗaya matarsa tana da tsohon ciki, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina tsaye ina saurare har ya gama bai kira ni ba. Na koma wajen aikina na sa hannu a ruwa, sai na ji hawaye yana zubo min, na bar shi ya zuba, don a wurin nan kowa idonsa yana ruwa saboda warin magani.

Saboda haka ba zan sayar ba, Yaya. Har yanzu yana ci, ba zan yi maka ƙarya ba, kaca tana son mai, birki yana son roba, tayar gaba ta fara sanƙo. Amma ci ne da zan iya ɗauka. In ka samu taya da tif da wayar birki a wajen mutanen jirgi, ka ba Sule ya taho da su, kuma ka ce masa ya kawo kaya kawai, labari mun gode.

Ka gaishe da Yaya Rabi da kyau, da yara duka, ka ce su dage da karatu. Iya tana sa maka albarka, tana tambayar ko za ku zo da Babbar Sallah. Atika da Asabe suna gaishe ku, Inna Mairama ma haka. Na gaya wa Baffa Ɗahiru zan rubuto maka, ya ce in gaishe ka ƙwarai, in ce maka ƙugu ya yi sauƙi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Uwaisu.