Ƙorafi Kan Haramta Gwiwoyina a Intanet

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ina sanar da kai cikin jimami cewa wani kamfanin sada zumunta ya haramta gwiwoyina.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Haɗejiya. Duk damina nakan je bakin kogi da safe, in naɗe wando, in tsaya kan dutse guda, in ɗauki hoton ƙafafuna in sa a shafina. 'Yan'uwanmu masu noman shinkafa a fadamar Kirikasamma sun san karatun. Ruwa a idon sawu, a ci gaba da harka. Ruwa a gwiwa, a nemo lauje.

Bara, ranar da ruwa ya taɓa gwiwa, kamfanin ya cire hoton, wai ya saɓa wa ɗa'a, ya kuma rufe shafin. Ƙanena Habu ya ga shiru, ya ɗauka lafiya. Kafin in same shi a waya, rabin gonarsa ta zama wurin kiwon tarwaɗa.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya, na ɗaukaka ƙara. Na'ura ce ta amsa mini, da wata irin Hausa wadda ko ni da na koyar da ita sai da na nemi tafinta.

Na biyu, a wannan dandalin dai nake ganin tallan gwamnati, har da na gargaɗin ambaliya. Ke nan da harajina ake biyan wanda ya toshe mini baki.

Ban ce a bar batsa ko tunzura jama'a ba. Roƙona ka kai ƙuduri majalisa: duk kamfanin da ke cire maganar mutane, kada a ba shi kwangila ko rangwamen haraji sai ya faɗi dalili a fili, ya kuma ajiye ɗan Adam mai jin harshenmu wanda zai saurari koke. Mutumin da ya taɓa ganin fadama zai iya bambanta batsa da ƙafar dattijo mai kaushi.

A hanzarta, ranka ya daɗe. Hadari ya fara haɗuwa, Habu kuma ya sake shuka.

A ƙarshe, akwai gyara. Tun farko maiɗakina ta ce in kafa gora a ruwa in riƙa ɗaukar hotonta, na ce jama'a sun fi yarda da ƙafata. Ita ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Na kafa gorar jiya, ina addu'a kada ita ma a same ta da rashin ɗa'a.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare gonarka da shafinka.

Wassalam.

Malam Sule, Haɗejiya