Koren Fayil Ya Hana Ni Hutun Haihuwa

Anti, ki taimake ni da shawara, don raina ya kai wuya. Amma bari in fara da yabo, kada a ce mu 'yan kasuwa ba mu da godiya. Asibitinmu ya iya tsari, Allah ya ƙara basira. Kowane ciwo da ɗakinsa, kowane ɗaki da ranarsa. Har launi aka raba mana. Fayil ɗin mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ciki, duk ruwan ƙasa ne. Mu masu karɓar maganin HIV kuwa, saboda tsabar girmamawa, aka zaɓa mana kore shar, irin wanda ake hangowa tun daga bakin get.

Zannuwa nake sayarwa, shekara goma sha ɗaya a rumfa ɗaya, don haka babu mai koya mini cewa launi yana da baki.

Shekara uku ke nan ni da maigidana muna shan maganinmu, ba fashi. Daga mu sai likita, ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. Wata huɗu da suka wuce na haifi 'yata ta biyu. Da ta kai mako shida aka gwada ta, ba a ga komai ba, na zauna a ƙasan ɗakin gwaji ina kuka kamar wadda aka yi wa duka. An ce akwai sauran gwaji har sai na yaye ta. To ni yanzu abin da nake so ke nan: in shayar da yarinyar nan hankali kwance, in ga takardarta ta ƙarshe, in huta shekara uku kafin wani ciki. Maigida ya yarda. Mai gyaran firji ne, mutumin kirki, illarsa ɗaya, tunawarsa da kwaroron roba kamar wutar lantarki take, yau akwai, gobe babu.

Ranar Talata da na je karɓar magani na yi wa nas maganar tazarar haihuwa. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta turo mini robobi cike da hannu, wai nan ɗakin magani ne, tazara sai Alhamis a ɗakin gaba. Ta kusa da ita, wata babba mai tabarau, ta ce mace irina mai 'ya'ya biyu me zai hana a juya mini mahaifa kowa ya huta. Kowa! Wane ne kowan? Ita ke goya mini su? Hutu na ce ina nema, Anti, ban ce ritaya ba.

Na haɗiye, na dawo Alhamis. Ashe doka ce, mara lafiya ba ya riƙe fayil ɗinsa. Masinja ne zai ɗauka, ke kina binsa a baya kamar wadda aka kama da kayan sata. Barandar doguwa ce, benci hagu da dama, cike da matan unguwarmu da na layinmu a kasuwa. Ga kuma wadda ke zaune a teburin rajista: ƙanwar maƙwabciyata ce, Mai Kwanuka, wadda rumfarta ke jingine da tawa. Ita Mai Kwanuka, in kika gaya mata magana lokacin buɗe rumfa, kafin azahar ta isa wurin masu tumatir da ƙari a kai. Ina hango masinja yana fifita da koren fayil ɗina saboda zafi, sai na karkata na shige ban ɗaki da goyona. Na yi minti ashirin a ciki, na fice ta ƙofar baya.

Alhamis ta biyu na roƙe shi ya saka fayil ɗin a leda, ya ce ba a ba shi wannan umarnin ba. Ta uku ko get ban shiga ba.

Yanzu al'adata ba ta dawo ba, kuma da zarar zuciyata ta ɗan tashi sai in hau lissafin kwanaki. Mai kyamis na layinmu yana da ƙwayoyin tazara, ba ya tambayar kowa komai. Ko kuma in tafi wani asibiti mai nisa, in yi gum da maganar maganina, a saka mini ashanar fata, wato ta tazara da ake sakawa a hannu, in dawo. Wanne zan yi? Haƙuri dai kada ki ba ni, ina da shi bandir-bandir.

Mai Zannuwa

Mai Zannuwa, ba zan ba ki haƙuri ba, fushinki a kan hanya yake. Abin da mai tabarau ta faɗa kuskure ne babba. Juya mahaifa hanya ce ta wadda ta gama haihuwa da kanta ta nema, ba a cusa wa mace ita don tana ɗauke da HIV. Allura, ashanar fata, robar mahaifa, ƙwayoyi, galibinsu a buɗe suke gare ki kamar kowace mai jego.

Amma hanyoyinki biyun nan, ban yarda da ko ɗaya ba. Akwai magungunan da ke rage ƙarfin ashanar fata da ƙwayoyi. Ko naki yana ciki ko ba ya ciki, sai wanda ya ga sunansa zai sani. In kika ɓoye, kina iya dawowa da ashana a hannu da ciki a mara. Dalilin da ya sa fayil yake bin ki ke nan, kuma dalilin mai kyau ne, launin ne da yawon barandar ba su da kan gado. Ita ma ƙanwar maƙwabciyarki, a yi mata adalci, aikinta ya hana ta buɗe baki kuma ba ta yi miki komai ba tukuna. Sai dai ba na cewa ki gwada ta da asirinki.

Talatar nan, ki wuce teburin nas ɗin, ki nemi shugabar ɗakin magani ke da ita. Ki gaya mata abin da kika gaya mini, har da minti ashirin na ban ɗaki. Ki nemi a fara yi miki gwajin ciki, sannan a ba ki tazarar a nan ɗakin, ko a rubuta miki takarda a rufe da za ki riƙe da hannunki. In ta ƙi, to je ki asibitin mai nisa, amma da sunan maganinki a rubuce, ki faɗa wa mai dubawa gaskiya bayan an rufe ƙofa. Kada ki daɗe, kariyar da shayarwa ke bayarwa sai ana ba da nono zalla kuma al'ada ba ta dawo ba, kuma ba ta wuce wata shida bayan haihuwa. Kafin nan, ki gaya wa mai gyaran firji wuta ta dawo, ba sauran ɗaukewa. Magani kuma kada ki yi masa fashi ko na kwana ɗaya.

Allah ya raya yarinya, ya nuna miki takardarta ta ƙarshe fes, ya ba ki hutun da kike nema.

Ku kuma masu tsara asibiti da kuke karanta filin nan, ina da tambaya. In ku ne za ku bi masinja a barandar nan, maƙwabtanku na zaune hagu da dama, wane launi za ku zaɓa?