Inna, Gobe Zan Tsaya wa Gonar Goggo Hauwa

Assalamu alaiki Inna. Allah ya ƙara haske a makwancinki.

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke gobe da hantsi zan tsaya gaban lajna, wato kwamitin ƙauye, ni ɗin nan da ko a makarantar allo sai malam ya matso kafin ya ji karatuna.

Aminiyarki Goggo Hauwa ba ta dawo ba tun da yaƙi ya watsa mu. Tana Sinja wurin jikarta, ƙafa ta ƙi. Lajna ta ce duk hawasha, wato gonar ban-ruwa, da mai ita bai bayyana ba kafin shuka, a ba wani ya noma. Kin kuwa san halin nan: wanda ya buɗe wa gona ruwa shekara biyu, shi mutane ke kira mai ita. Wanda ya sa wa tata ido, Inna, ɗanki ne, Yaya Usman.

Goggo ta dangwala yatsa a takarda ta naɗa ni wakiliyarta. Takardar masu rabon iri ce, Larabci a dama, Turanci a hagu, kusa da sunana an rubuta proxy. Na ce ba zan sa hannu ba sai na san abin da ake kirana. Jikarki Zainabu, da ta yi jami'a a Madani, ta bincika. Ta ce an taƙaita kalmar ce daga wata doguwa mai asali a Latin, tushenta biyu: "a madadin wani" da "kulawa". Ashe ba aron baki kaɗai ba ne. Kula da abin mutum ne yadda shi zai kula da shi.

Sai na tuna ranar da Goggo ta aike ki masussuka karɓo rabonta na dawa. Naki an auna ba tozo, kika karɓa a haka. Da aka zo nata kika tsaya cikin rana sai da aka sake awo. A hanya kika ce mini, "Naki kina iya yafewa. Na wani, wa ya ba ki izini?"

Jiya Yaya ya zo ya ce jini ya fi takarda. Na zuba masa shayi. Da tawa ce, wallahi da na bar masa, bakin da yake ciyarwa da yawa. Amma ba tawa ba ce, Innata. Yana fita na sa hannu, ni da mai gidana za mu shuka mata.

Allah ya jiƙanki, ya ba Goggo ƙafar taka gonarta, ya sa Yaya ya ci gaba da shigowa gidana ko da ba zai amsa gaisuwata ba.

'Yarki mai kewarki,
Amina