Geron da Baba ya shuka

Cadakori, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Bubakar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya kai da iyalinka can Agadas. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a wurin nema. Mu nan da sauƙi, yara suna lakol suna karatu, tarin Basira ya lafa. Na ba Tahiru direba takardar ne domin a salula ba na iya buɗe baki, kullum Inna tana kusa.

Yaya, tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Baba ban samu natsuwa ba. Ka san shi, bai iya zama ba. Da damina yana gona, da rani yana tukar igiya ko ya ɗaura wa jaki amalanke ya kai kayan mutane kasuwa. Ka tuna shekarar yunwar nan da yake ce mana ya ci a waje? Sai da muka girma Inna ta faɗa mana ruwa kawai yake sha ya kwanta. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, da hannunsa ya gyara mini dangar gida, wai kada iska ta dame ni.

Da ka zo gaisuwa ba a faɗa maka komai ba, don kada hankalinka ya tashi. A tsakiyar damina ƴan bindiga suka fara fitowa ta wajen gonarmu ta nesa. Kowa ya bar zuwa, Baba ya ce shuka ba ta san tsoro ba, idan ba a nome ta ba ciyawa za ta cinye ta. Ran nan yana noma ya ji ƙarar babura, ya kwanta cikin gero, ruwa yana dukansa har suka wuce da shanun Jaye, Bafulatanin nan abokinsa. Da ya fito sai ya iske Jaye yashe, an sare shi a kafaɗa. Baba ya goya shi har bakin hanya cikin ruwan. Jaye ya tashi, amma Baba tun ranar zazzaɓi ya kama ƙirjinsa, likita ya yi iya ƙoƙarinsa, kwana ya ƙare. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To yanzu geron nan ya nuna. Inna ta ce shi ne na ƙarshe da ya shuka da hannunsa, ba za ta bar wa tsuntsaye ba ko da ita kaɗai za ta tafi. Na roƙe ta har da kuka, ta ce ni yarinya ce. Maigidana Baban Farida kuma ya ce ba zai bar surukarsa ta shiga daji ita kaɗai ba, zai bi ta. Ka ga ke nan uwata da mijina za su kama hanya guda. Satin da ya wuce aka ɗauke mata biyu suna tsinkar wake ba nisa da wurin, har yau shiru. Jandarma suna zagawa, amma ba su kai can. Ko yaro ya tayar da babur a ƙofar gida sai in tattara yara mu shige ɗaki.

Don Allah, Yaya, ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira Inna. Kai ne babba yanzu, maganarka za ta ji. Ka ce mata abincin bana yana wuyanka. Kada kai ma ka ce za ka taso, hanyar ba ta da kyau. Ta sa ranar Asabar, har ta aika a wasa mata magirbi.

Ka gaida Adama da yara, da Kawu Inusa idan kun haɗu. Baban Farida yana gaishe ka, bai san na rubuto ba. Ka yi sauri, Yaya.

Ƙanwarka,
Husaina